Bayan An Naɗe Tabarmi

A watan da ya shige sau uku muka zauna makoki a zangonmu na nan Kumasi, kuma duk abu ɗaya muka gani. Ranar farko gida ya cika maƙil, an yi hayar rumfa da kujeru, tabarmi har bakin titi. Ran sadakar uku malamai su yi addu'a, a raba abin da za a raba, sai mai rumfa ya zo ya kwance kayansa, a naɗe tabarmi, kowa ya koma kasuwa. Gidan ba zai sake cika ba sai ran arba'in. To jama'a, tsakanin uku da arba'in ɗin nan, da kuma bayan arba'in, wa ke leƙa mutanen gidan?

Ɗaya daga cikin mamatan direban babbar mota ne, mai ɗauko albasa daga Nijar. Uwargidanmu ta je gaishe da matarsa bayan mako biyu, ta tarar da ita ita kaɗai da 'ya'ya uku. Matar ta ce mata: "Yaya, wallahi kwanakin da aka yi ana zaman nan ban ma san abin da ake ciki ba. Sai shekaranjiya da magariba na ɗebo ruwa a buta na ajiye masa a bakin ƙofa kamar yadda na saba, na juya zan koma ɗaki sannan na tuna." A ranar ce ta fara kuka na gaske, kuma babu kowa a wurin.

Da ma ko da akwai mutane, da sun hana ta. Mun iya cewa "yi haƙuri", mun iya cewa "daina kuka, addu'a yake bukata". Addu'a kam yana bukata, amma hawaye ba rashin tawakkali ba ne. Manzon Allah (SAW) ya zubar da hawaye ranar da ɗansa Ibrahim ya rasu. Abin da aka hana shi ne kururuwa da yage tufafi da marin fuska. Wanda aka toshe wa baki da "haƙuri" tun ranar farko ba ya daina jin zafin, ɓoye shi yake koya. Maza sun ma fi shiga wannan hali, don namiji da an yi uku sai ya koma shago, ba wanda zai sake tambayarsa ko yana samun barci.

Akwai kuma inda muka juya al'amari. Lokacin da Ja'afar ɗan Abu Ɗalib ya yi shahada a yaƙin Mu'uta, shekara ta 8 bayan Hijira, Annabi umurni ya yi a dafa wa iyalinsa abinci, saboda abin da ya same su ya shagaltar da su. Mu kuwa yau masu rashin ne ke ciyar da mu. Mun san gidan da aka ci bashi don shinkafa da naman arba'in, alhali kuɗin makarantar marayun bai samu ba.

Mai takaba wata 4 da kwana 10 za ta yi, in tana da ciki kuwa sai ta haihu. A garinsu da tana tsakiyar dangi, iya da inna da ƙanne suna shiga suna fita. A zango sau da yawa danginta suna Sakkwato ko Tawa ko Bawku, iyakarsu gaisuwa ta waya. Ga shi an ƙara mata wasu dokoki na al'ada, irin su kada ta yi wanka sai ran Juma'a, waɗanda ba su da tushe a addini. Malamai sun yarda ta fita da rana don wata lalura, kamar asibiti ko neman abincin 'ya'yanta, ta dawo ta kwana a ɗakinta. Ya kamata limamanmu su riƙa faɗin haka a wurin makoki, inda tsofaffin mata za su ji.

Baƙin ciki yakan sauka a hankali, amma ba ga kowa ba. Tun shekarar 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya take lissafa baƙin cikin rashi mai tsanani da ya zarce wata 6, har ya hana mutum gudanar da rayuwarsa, a cikin cututtukan da ake dubawa. Wanda ya daina cin abinci, ko ya ƙi fita, ko yake cewa gara ya bi mamacin, a kai shi ya ga likita, a ci gaba da addu'ar.

Matan layinmu dai sun yi shawara. Su bakwai ne, kowacce ta ɗauki rana guda: ta kai wa matar direban tuwo, ta zauna da ita daga la'asar zuwa isha'i, in ta so yin zancen mijinta a saurare ta. Saura mata wata uku ta fita takaba, kuma mai gidan hayar ya riga ya aiko a tuna mata. Wannan ɓangaren maza ne, za mu tayar da shi a masallaci ran Juma'a in Allah ya kai mu.