Rahoton Kamfani Da Amanar Mudu

Jama'a, a zamanin nan manyan kamfanoni kan buga rahoto kowace shekara, su bayyana yawan hayaƙin da masana'antunsu suka fitar, da ruwan da suka gurɓata, da yadda suka riƙi ma'aikatansu. Akwai kuma ƙungiyar ISO ta birnin Janiba, wadda aka kafa a 1947, mai tsara wa duniya ma'aunai: ISO 9001 na ingancin aiki ya fito a 1987, ISO 14001 na kiyaye muhalli kuwa a 1996.

Wannan al'amari ba baƙo ne gare mu ba. Tauye mudu na cikin laifuffukan da suka halaka mutanen Madyana, al'ummar Annabi Shu'aibu (A.S.), kuma Suratul Muɗaffifina gargaɗi ce ga masu tauye awo.

Amma fa takarda ba ta tsare amana. A 2015 kamfanin Volkswagen na Jamus ya amsa cewa ya sa wa motoci kimanin miliyan 11 wata dabarar kwamfuta mai rage hayaƙi lokacin gwaji kaɗai. Wannan algus ne, irin na mai hatsin nan da ya ɓoye jiƙaƙƙe ƙarƙashin busasshe, har Manzon Allah (S.A.W.) ya tsawata masa.

To, rahoto shaida ne, na ƙarya kuwa shaidar zur ne. Attajirinmu da ya rubuta abin da bai aikata ba, da ma'aikacinmu da ya sa hannu bai je ya duba ba, sun yi tarayya cikin alhaki. Allah Ya tsare mu, amin.