Kwamfuta ta shiga aji, amma ɗan kara bai iya karatu ba

Kwanakin baya na miƙa wa ƙanena rasidin tirelar da ta sauke mana shanu, na ce ya karanta min. Ɗan aji uku ne a firamaren wani ƙauye bayan garin Benin, inda muke ajiye dabbobi kafin a kai su kasuwa. Yaro ya ƙura wa takarda ido, ko kalma ɗaya ya kasa haɗawa. Amma ka ce ya jero A zuwa Z, sai ka gaji da ji. Wallahi abin ya tsaya min a rai.

Ba wai gwamnatocin nan Kudu sun zauna ba ne. Tun 2018 jihar Edo ta fara shirin EdoBEST, aka raba wa malaman firamare kwamfutar hannu ɗauke da darasin kowace rana. Legas ta biyo da EKOEXCEL a 2019. Na'urar tana nuna ko malami ya zo aiki, da inda ya tsaya a darasi, kuma wannan ci gaba ne babba a karkara, inda ba kasafai mai duba makarantu ke leƙawa ba.

Sai dai darasin da Turanci yake. Yaron da ya tashi a kara, Hausa ko Fulatanci yake ji a gida, sai ɗan buroka na kasuwa. Malama tana karantawa, shi yana maimaitawa kamar aku. Wanda bai gane abin da ake faɗa ba, ta yaya zai gane cewa harafi sauti ne?

A 2022 gwamnatin tarayya ta amince a koyar da 'yan firamare da harshen uwa, a Nuwamban 2025 kuma ministan ilimi Tunji Alausa ya ce an soke, a koma Turanci. Mu dai duk ɗaya ne. Ko da tsarin ya ɗore, harshen masu gari za a yi amfani da shi, ba namu ba. A Bauchi da Sakkwato an yi shirin Mu Karanta da littattafan Hausa, amma ɗan Hausawan Kudu ba ya cikin lissafin kowa.

Ga shi kuma tun 2015 JAMB ta koma kwamfuta gaba ɗaya. Ni kaina sai a ƙarshen sakandare na fara taɓa ta, ranar jarrabawa hannuna rawa yake. To ina ga wanda ko karatun bai iya ba?

Shawarata ga sarakunan Hausawa da shugabannin kara ita ce: cikin kuɗin da ake karɓa kan kowace saniya, a ware wani abu a ɗauki matashi ɗaya mai takardar NCE. Bayan an tashi Islamiyya, ya zauna da yara awa guda, ya koya musu haɗa baƙi da wasali da Hausa, sannan ya haye da su Turanci. Iyaye kuma su daina ƙaurace wa taron makaranta, su nemi kujera a kwamitin kula da ita. Wayar da muke kallon TikTok da ita ma za ta iya ɗaukar littafin yara.

Baba yakan duba haƙoran sa kafin ya biya kuɗi. Mu ma mu duba. Yau da daddare, miƙa wa ɗanka takarda ka ce ya karanta.