LOKACI YA YI DA ZA A KOMA GA BURODIN GIDA

Babu ma'aikaci ko ɗalibin da bai san halin da burodi ya shiga ba a 'yan shekarun nan. Abin da a da ake haɗawa da shayi a yi kalaci a wuce ofis ko makaranta, yanzu sai magidanci ya yi lissafi kafin ya miƙa hannu gare shi. Kuɗinsa ya hau, girmansa kuwa ya ragu.

Dalilin haka ba ɓoyayye ba ne. Mafi yawan alkamar da ake niƙawa a yi fulawa a Nijeriya daga ƙasashen waje ake sayo ta, da kuɗin waje. Da yaƙi ya ɓarke tsakanin Rasha da Yukiren a 2022, ƙasashe biyu da ke cikin manyan masu sayar wa duniya alkama, sai farashinta ya tashi. A 2023 kuma darajar naira ta faɗi, abin ya zama goma da goma.

Ba yau aka fara neman mafita ba. An gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, aka buɗe filayen noman rani a Kadawa, daga baya aka yi ta Bakolori. A 1987 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta hana shigo da alkama don manoman gida su samu kasuwa, amma abin da aka noma bai ƙosar da kamfanonin niƙa ba, har aka janye dokar a 1992. Darasin da ke cikin wannan shi ne, doka kaɗai ba ta ciyar da jama'a. Sai an haɗa da abin da kowane gida zai iya yi da hannunsa.

Alkama kuwa ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Tun kafin zuwan Turawa ake noma ta da sanyin hunturu, ana alkaki da funkaso da ita. Matan unguwar Jakara a birnin Kano sun yi suna wajen gasa gurasa a tanderu. Jama'ar da ta gaji wannan sana'a bai kamata ƙananan curin burodi su gagare ta ba.

Aikin ba shi da wuya. A samu rabin kilo na fulawa, ko a raba biyu, rabi fulawa rabi garin alkamar gida. A zuba ƙaramin cokali biyu na yisti, ɗaya na gishiri, da babban cokali biyu na man gyaɗa, a kwaɓa da ruwan ɗumi. Kada ruwan ya yi zafi, domin zafi yana kashe yisti. A murza kwaɓin minti 10 har ya yi laushi, a rufe shi a wuri mai ɗumi kamar awa ɗaya ya ninka. Sa'an nan a cura shi ƙanana guda 10 ko 12, a bar su su sake tashi, a gasa minti 15 zuwa 20. Wanda ba shi da tanderu sai ya shimfiɗa yashi a gindin babbar tukunya, ya ɗora faranti a kai, ya rufe, ya zuba garwashi a bisa murfin.

Ƙanshi ma ba sai an nemo shi daga nesa ba. Ga ganyen ɗoɗɗoya, ga na'ana'a, ga lawashi da tafarnuwa, a yanka ƙanana a zuba cikin kwaɓin. A barbaɗa riɗi ko habbatus sauda a kai. Duk ana samunsu a kasuwar ƙauye.

Ban da sauƙin aljihu, akwai zancen lafiya. Hukumar NAFDAC ta hana sa sinadarin potassium bromate a burodi saboda haɗarinsa ga jiki, amma mai saye ba shi da hanyar ganewa da ido. Uwar da ta kwaɓa da hannunta ta san abin da 'ya'yanta suka ci.

Wasu za su ce ina ma'aikaciya ta ga lokacin wannan aiki, kuma ai fulawar ma ta waje ce. Maganarsu tana da ƙamshin gaskiya. Sai dai yawancin lokacin na jiran kwaɓi ne, ana iya yin wani aiki a cikinsa, kuma gashin ranar Asabar zai kai iyali kwana biyu ko uku. Game da fulawa kuwa, duk mudun alkamar gida da aka kai inji aka haɗa, kuɗinsa aljihun manomin Kura ko Haɗejiya ya shiga.

Saboda haka ya kamata ma'aikatun ilmi su sa wannan a darasin koyon girki na makarantun sakandare, na maza da na mata, cibiyoyin koyar da sana'a su ma su ɗauka. Ɗalibin da ya iya gashi ya sami abin karyawa, ya kuma sami sana'ar hutu. Masu iya magana sun ce guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Allah Ya sa masu iko da magidanta su duba.