Dabarun Cikin Gida: Rediyo Mai Karkarwa

Gidaje da yawa a wajenmu, daga Yankwashi har zuwa Roni da Gwiwa, suna da akwatin sauti iri ɗaya ko biyu. Waɗansu tsohuwar rikoda ce ta kaset, waɗansu kuwa sabuwar lasifika ce wadda ake haɗa ta da waya. Kukan da muke yawan ji ɗaya ne: da an ƙara murya sai akwatin ya kama karkarwa, magana ta cakuɗe, tsoho a ɗaki ba ya gane abin da mai labarai yake faɗi. Daga nan sai maigida ya ɗaure shi a bayan babur zuwa Kazaure wurin mai gyara, ko kuwa ya fara lissafin sayen sabo.

To, kafin a kashe ko kwabo, sai a dubi abin da akwatin yake zaune a kai. Sau da yawa laifin a can yake.

Ga yadda abin yake. A cikin lasifika akwai wata takarda mai siffar mazurari, wadda maganaɗisu da wutar lantarki suke turawa gaba da baya, kamar fatar ganga. Kunnen mutum yana jin motsin da ya kai sau 20 har zuwa wajen sau 20,000 a daƙiƙa guda. Amo mai kauri, watau irin na ganga, shi ne mai motsi a hankali da ƙarfi, shi ne kuma yake girgiza akwatin duka. Girgizar nan ba ta tsayawa a jikin akwati. Takan bi ta ƙafafunsa ta shiga tebur, gama amo yana tafiya mita 340 a daƙiƙa cikin iska, amma cikin katako saurinsa ya kai ninki goma na wannan. Yara suna iya gwadawa: ɗaya ya kafa kunne a wannan gefen benci, ɗaya ya sosa wancan gefen da farce.

Mai garaya ya san cewa tsirkiya ita kaɗai ba ta da murya, ƙwaryar ce take ƙara mata. Haka tebur yake zama wa lasifika ƙwarya, sai dai ƙwarya ce wadda ba wanda ya gyara ta domin kiɗa. In kuwa an ɗora akwatin a kan kabad ɗin da uwargida ta jera kwalla da samira, to, kowane murfi zai sa baki. Ba mu ce a rushe jere ba, wane mu! A dai sake wa rediyo wuri.

Gwajin mai sauƙi ne. A kunna kiɗa, a ɗora tafin hannu a kan tebur. Sa'an nan a ɗaga akwatin sama da hannu biyu. In karkarwar ta ɗauke, akwatin lafiyarsa ƙalau. In ta ci gaba, wataƙila wani noti ne ya kwance, ko takardar ta yage, wannan kam aikin mai gyara ne.

Maganin shi ne a sa wani abu mai taushi tsakanin akwati da tebur. A Turai da Amurka ana sayar da ƙafafun roba musamman domin wannan, waɗansu da tsada ƙwarai. Mu kuwa tsohon silifa ya isa, ko tiyub daga wurin mai faci, a ninka shi biyu ko uku. A yanka ƙanana, faɗin kowanne kamar murfin kwalba. Shimfiɗa babban falle ba ya aiki sosai, domin nauyin yakan bazu, robar ba ta lotsawa, abin da bai lotsa ba kuwa ba ya shanye girgiza. Amma kada ta yi taushi har ta lanƙwashe sarai, gama sa'an nan katako ya sake haɗuwa da katako ke nan. Akwati mai nauyi yana son roba mai ɗan tauri, marar nauyi kuwa soso mai kauri ya ishe shi.

Mu dai mun fi son ƙafa uku a kan huɗu, biyu a gaba, ɗaya a baya. Tukunya ba ta rawa a kan duwatsun murhu uku, ko da ƙasa ba ta daidaita ba. Sai dai in akwatin dogo ne siriri, kuma akwai yara masu rarrafe, a sa huɗu domin kada ya kife.

Wanda har yanzu yake da garmaho, lalle kada ya ajiye shi tebur ɗaya da lasifika. Allura tana ɗaukar girgizar tebur kamar yadda take ɗaukar ta faifai, ta mai da ita cikin lasifika, abin ya yi ta zagayawa har ya zama gunji. Na'urar faifan CD ma takan yi tsalle saboda wannan.

Kada kuma a ɗora amfilifaya a kan matashin kai ko bargo. Yawancinsu suna da 'yan ramuka a ƙasa domin shan iska, in an toshe su a zafin bazara, na'urar tana iya ƙonewa. Roba ma takan bushe ta taurare da hunturu, saboda haka a riƙa matsa ta da yatsa sau ɗaya a shekara, wadda ta tsattsage a sake ta.