Baƙi Sun Kawo Wuƙar Fiɗa, Saura Namu Aikin

Akwai wata cuta da ke cin fuskar yara a ƙauyukanmu wadda likitoci suke kira noma. Sunan ba shi da haɗi da noman gona, kalma ce ta Girkawa mai nufin cinyewa. A karkarar Sakkwato wasu na ce mata ciwon daji, wasu ciwon iska. Yara masu shekara 2 zuwa 6 ta fi kamawa, musamman waɗanda yunwa ta raunana ko suka tashi daga ƙyanda ko zazzaɓin cizon sauro. Takan fara ne da kumburin dasashi da warin baki, sa'an nan cikin 'yan kwanaki ta huda kunci, ta ci leɓe, wani lokaci har hanci da ƙashin muƙamuƙi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 1998 cewa yara 140,000 ne take kamawa kowace shekara, kuma in ba a yi magani ba, tana iya kashe tara daga cikin kowane goma.

Yaron da ya tsira ba shi ke nan ya huta ba. Sau da yawa muƙamuƙinsa yakan ƙage, ba ya iya buɗe baki ya ci tuwo ko ya yi magana sosai. Ba makaranta, ba dandali, domin iyaye kan ɓoye shi a ɗaka don gudun bakin mutane. Wannan kuwa ba sabon abu ba ne ko a nan Kurmi. A 1966 wani likita Bature, Michael Tempest, ya buga bayani a kan yara 250 masu wannan cuta da aka gani a asibitin jami'a na Badun. Duk inda talauci da yunwa suka sauka, nan take sauka.

Saboda irin waɗannan yara ne tun 1996 likitocin fiɗa daga Turai, musamman Jamus da Holan, suka fara zuwa Sakkwato don aikin sa kai. A 1999 aka buɗe asibitin yara na musamman domin cutar noma a birnin, kuma tun 2014 ƙungiyar likitocin agaji ta MSF take dafa wa Ma'aikatar Lafiya wajen tafiyar da shi. Tawagar likitoci takan sauka 'yan lokuta a shekara, ta yi kamar mako biyu tana aiki ta koma, kuma daga 2014 zuwa yau an yi fiɗa fiye da 1,000 a can ba tare da an karɓi ko kwabo daga hannun iyaye ba. Aikin ba ƙarami ba ne. Sai an fara ciyar da yaro ya yi ƙarfi tukuna, sa'an nan a yanko fata daga goshi ko ƙirji a rufe ramin fuska, a saki muƙamuƙin da ya ƙage, wani yaron ma sai an shiga da shi sau uku ko huɗu kafin a gama.

Lalle mutumin da ya bar iyalinsa da asibitinsa a Turai ya zo ya tsaya cikin zafin Sakkwato yana ɗinke fuskar ɗan wanda bai sani ba, ya cancanci godiya, kuma muna yi masa. Amma fa akwai iyakar abin da baƙo zai iya. Shi dai yaron da aka kawo masa kaɗai zai yi wa aiki. Bai san ƙauye ba, bai san gidan da aka ɓoye yarinya shekara biyar ba, ba ya jin Hausa balle ya rarrashi kakar da ta dage cewa aikin iska ne. Kuma ko ya ƙware yaya, gyara yake yi bayan ɓarna ta auku, ga ɗaya ɗin nan da ya tsira. Sauran taran tuni an binne su kafin jirginsa ya sauka.

A nan ne maganar ta zo kanmu, mu mazauna Agege da Idi-Araba da Sabon Badun da Shagamu da Anacha. Kowannenmu yana da ƙauye, kuma kowace Salla motoci cike suke da mu zuwa gida. Idan ɗan ci-rani ya dawo daga Ikko ana sauraron maganarsa, domin ana ganin ya ga duniya, kuma sau da yawa shi ke ɗauke da cefanen gidan. To, tare da turmin atamfa da goro, kamata ya yi mu riƙa kai wa gida wannan labari: noma ba maita ba ce, ba iska ba ce, kuma ba a ɗaukarta daga wani. In aka ga dasashin yaro yana jini, bakinsa na wari, kuncinsa ya fara kumbura, a kai shi asibiti a ranar. A wannan mataki maganin kashe ƙwayoyin cuta da wanke baki da abinci mai gina jiki sun isa su tsayar da ita. Kwana uku da za a ɓata wajen turare da tofi kaɗai, su ne ke raba yaro da fuskarsa. A yi addu'a, a kuma hau mota.

Hanyar ma ta ragu yanzu. Duk wanda ya biyo ta Lokwaja zuwa Kaduna ya san Tungan Maje, tsakanin Gwagwalada da Zuba, inda talakawa daga ko'ina cikin Arewa suka taru suna neman abinci a gefen babban birni. Da can uwar da ke zaune a nan sai ta yi tafiyar yini guda zuwa Sakkwato kafin ta ga likitan wannan cuta. A ƙarshen 2023 an buɗe cibiyar noma a harabar Babban Asibitin Ƙasa da ke Abuja, da taimakon ƙungiyar Hilfsaktion Noma ta Jamus, ga kuma asibitin koyarwa na Jami'ar Abuja nan kusa a Gwagwalada. Amma ginin da mutane ba su san da shi ba, da shi da babu duk ɗaya ne. Kuma ko da magani kyauta ne, mota ba kyauta ba ce, haka abincin mai jinya, haka gonar da uba zai bari. Kuɗin da bai kai na ragon Layya ba yana iya zama abin da ya hana yaro samun aikin da likita ya ƙetaro teku don ya yi masa.

Don haka muna kira ga Sarakunan Hausawa na garuruwan Kudu, da shugabannin kasuwannin shanu da na gwari, da ƙungiyoyin direbobi, su buɗe asusu na musamman don kai irin waɗannan yara asibiti. Mun saba yin karo-karo in za a kai gawa gida. Wanda ke da rai ya fi buƙata. Direban da ke komawa Arewa da kujera ɗaya ba kowa, shi ma yana da abin bayarwa. Limamanmu kuma su tuna wa jama'a a huɗuba cewa allurar ƙyanda kyauta ce a asibitocin gwamnati tun yaro yana wata 9, kuma ɓoye mara lafiya ba sutura ba ce.

Gwamnati ma tana da nata. Nijeriya ce ta jagoranci ƙasashen da suka nemi a sa noma cikin jerin cututtukan da duniya ta yi sakaci da su, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta amince ranar 15 ga Disamba, 2023. Wannan abin yabo ne, amma takarda ba ta ɗinke kunci. Tun 1987 ƙasar nan take tura likitoci da malamai aikin sa kai na shekara biyu zuwa ƙasashen Afirka da na Karebiyan. Ƙasar da ta iya wannan ba ta da hujjar jiran Turawa har abada kafin a gyara fuskar 'ya'yanta. Ya kamata duk tawagar da ta sauka a haɗa ta da matasan likitocinmu su koyi aikin, a kuma biya su abin da zai hana su tafiya Ingila ko Saudiyya. A koya wa ma'aikatan ƙananan asibitoci na ƙauye su riƙa buɗe bakin duk yaron da aka kawo musu a rame su duba.

Ga mai shakkar amfanin wannan wahala, ya dubi Mulikat Okanlawon. Noma ta ci fuskarta tana ƙarama, aka yi mata fiɗa a Sakkwato, daga baya ta zama ma'aikaciya a asibitin, kuma a 2024 mujallar TIME ta Amurka ta sa ta cikin mutum 100 mafi tasiri a harkar lafiya. Wani ne ya ji labarin asibitin, wani ne ya kai ta.

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Kafin Salla mai zuwa, kowa ya tambayi mutanen gida ko akwai yaron da ba a bari ya fito waje. Allah ya ba mu ikon taimakawa, amin.