Alƙalin da Bai San Miyar Ba

Makon nan za mu ɗan huta da zancen rigakafi da awon ciki, mu leƙa gasar girkin da ake nunawa a talabijin.

Duk wadda ke kallon irin wannan gasa, ko a akwatin talabijin ko gutsattsarin da ke yawo a Facebook da TikTok, ta san yadda ake ƙarewa. Alƙali ya ɗebo cokali ɗaya ya kai baki, ya yi shiru kamar mai lissafin gado, sannan ya ce wance ta fita. Nan take sai tsakar gida ta ɗauka. "Wallahi an yi son kai!" "Ai dama tun farko ba sa ƙaunarta." "An saye su ne kawai." A nan Birnin Gwari, inda data ke da tsada kuma sabis ke zuwa yana ɗaukewa, yawancinmu minti biyu ko uku muke gani daga shirin da ya kai awa guda, amma hukuncinmu ya fi na alƙalan zafi. Ni dai a ganina akwai inda muke ɗaukar alhakin mutane, akwai kuma inda muka fi alƙalin gaskiya nesa ba kusa ba.

Mu fara da ɗaukar alhakin. A shekarar 2014, a gasar gashin kek da burodi ta Birtaniya mai suna The Great British Bake Off, an sa 'yan takara su haɗa wani kek mai askirim a cikinsa, ga shi ranar ana zafi. Sai aka nuno wata dattijuwa, Diana Beard, ta ciro askirim ɗin wani matashi, Iain Watters, daga firiza. Ya zo ya tarar ya narke, ya fusata ya juye shi a kwandon shara, da aka zo hukunci ya kawo wa alƙalai kwandon. Aka sallame shi. Mutum fiye da 800 suka kai ƙorafi BBC, aka yi wa baiwar Allah zagin ƙare dangi a intanet. Daga baya Sue Perkins, ɗaya daga cikin masu gabatar da shirin, ta fito ta ce askirim ɗin bai wuce daƙiƙa 40 a waje ba. Ita kuma Diana ta ce yadda aka yanyanka hoton aka harhaɗa shi ne ya mai da ita muguwa a idon duniya.

Masu shirya waɗannan shirye-shirye kasuwa suke yi. Kamar yadda fim ɗin Kannywood ke buƙatar muguwar kishiya da marainiya, haka su ma suke buƙatar wadda za a tsana da wadda za a tausaya wa. Hararar da kika ga wance ta yi lokacin da aka yabi abokiyar takararta, mai yiwuwa hayaƙi ne ya shige mata ido awa biyu kafin nan.

Sannan ga babbar magana: ba mu ɗanɗana ba. An ce ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima, to amma ido bai san gishiri ya zarce ba, bai san tsakiyar kaza da sauran jini ba. Alƙalan MasterChef na Ostireliya ma sun taɓa bayyana cewa abincin da ake nuna suna ci a gaban kyamara yawanci ya riga ya huce, sun riga sun zaga sun ɗanɗana tun yana da zafi. Wato cokalin da muke rantsuwa a kansa ba shi ne ya yanke hukuncin ba.

To ina ne muka fi su gaskiya? Inda alƙali ya zauna yana auna abincin da bai sani ba.

A shekarar 2018, wata mata haifaffiyar Maleshiya da ke zaune a Birtaniya, Zaleha Kadir Olpin, ta shiga gasar MasterChef ta BBC. Aka ce kowa ya dafa abincin da ke da matsayi a zuciyarsa. Sai ta yi shinkafar da ake dafawa da madarar kwakwa, ta haɗa da kazar da suke kira rendang. Shi rendang nama ne da ake barinsa kan wuta kaɗan-kaɗan cikin madarar kwakwa da kayan ƙamshi har ruwan ya tsotse, naman ya yi laushi tuɓus. Ɗaya daga cikin alƙalan, Gregg Wallace, ya kushe kazar da cewa fatarta ba ta yi ƙaras-ƙaras ba. Aka cire ta daga gasar.

Ki ƙaddara wani ya ce miyar kukarki ta ɓaci saboda tana da yauƙi, ko ɗanwakenki bai soyu ba. Abin da mutanen Maleshiya da Indonesiya da Singafo suka ji ke nan. Firaministan Maleshiya na lokacin, Najib Razak, ya sa baki. Babban abokin hamayyarsa Mahathir Mohamad shi ma ya sa baki, alhali saura 'yan makonni su kara a zaɓe, ba abin da ke haɗa su sai wannan kaza. Har jakadiyar Birtaniya a ƙasar, Vicki Treadell, ta fito ta ce rendang ba ya ƙaras-ƙaras. Daga baya Wallace ya ce nufinsa fatar ba ta dahu ba ne. Ko ma dai mene ne nufinsa, miliyoyin mutanen da ba su ɗanɗana wannan kaza ba sun fi wanda ya ɗanɗana sanin yadda ya kamata ta kasance, domin da ita iyayensu suka raine su.

Wannan labari ya tsaya mini a rai saboda girkinmu na Arewa shi ne farkon wanda irin wannan hukunci zai kayar. Ma'aunin da ake koyarwa a makarantun girki na Turai yana son launi mai ɗaukar ido, abu kaɗan a tsakiyar faranti, nama a yanka shi a ga ja-ja a ciki. Miyar kuka kuwa launinta ba na hoto ba ne. Tuwon dawa ja ne ko ruwan ƙasa, kuma malmala ake yi. Daddawa idan ta bugi hancin wanda bai saba ba, sai ya ja da baya. Amma kowace uwa a garin nan ta san tambayoyin da ake yi wa tuwo: ya tuƙu? akwai gudaji? an yi ruɗe da kyau ko yana warin gari? zai kwana a yi ɗumame bai saki ba? Ta san miyar da aka kaɗa kukarta ta haɗe da wadda ta tsinke, ta san kanwar da ta yi daidai da wadda ta zarce. Alƙalin da bai san waɗannan tambayoyi ba, ko da zuciyarsa fara ce tas, mudun wani gari ya kawo kasuwarmu.

Akwai kuma batun masu ɗaukar nauyi. Gasa irin su Knorr Taste Quest da aka riƙa nunawa a gidajen talabijin na Najeriya, da shirye-shiryen girki na watan azumi, kamfanonin dunƙule ne ke biyan kuɗinsu, kuma ba su ɓoye ba. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ba na cewa an yi maguɗi. Abin da nake cewa shi ne, a irin wannan fage matar da gwanintarta ita ce ta fitar da miya mai daɗi da daddawa da ɗan busasshen kifi kawai ba ta da wurin nuna wannan gwaninta. Mu kuwa a yankin nan muna da irin waɗannan mata da yawa. Shekarun da hanyar Kaduna ta zama abin tsoro, gonaki suka gagara zuwa, shiga dajin Kamuku neman kalwa ko 'ya'yan kaɗanya ya zama sayar da rai, kasuwar kara ta rufe sai a ƙarshen 2024 aka sake buɗe ta, da me aka ciyar da yara? Da dabarar uwa ce a kan tukunyar da ba nama. Ban taɓa ganin an ba da maki a kan wannan ba.

Bari in ɗan sa rigar aikina. Harshe ba sikeli ba ne. Yawancin abin da muke kira ɗanɗano hanci ne ke kawo shi, shi ya sa mai mura ke cewa abinci ya yi lami. Mai ƙaramin ciki kan tsani ƙamshin da jiya take so. Wanda ya saba da gishiri da dunƙule da yawa, duk abin da aka sa masa daidai sai ya ce salam ne, kuma idan ya rage na 'yan makonni sai harshen ya dawo ya soma jin daɗin kaɗan. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya wuce giram 5 na gishiri a rana, ƙasa da ƙaramin cokalin shayi, har da wanda ke cikin dunƙule. Idan alƙali mai harshen gishiri ne, wadda ta fi zuba shi za ta ci gasa, 'ya'yanmu su kwaikwaya, mu kuma mu ci gaba da auna hawan jini a asibiti. Hatta layi yana da tasiri: wadda aka ɗanɗana nata bayan farfesu mai yaji ta shiga uku, domin harshen alƙali bai dawo ba tukuna. (Wani abin dariya, mu a gida idan mutum ya cika surutu kan abinci sai a ce santi yake yi, a yi ta tsokanarsa. Su waɗannan santin ne sana'arsu, har albashi ake ba su.)

Wasu masu gasar sun ji koken 'yan kallo sun nemi magani. A Amurka akwai gasar Tournament of Champions da aka fara a 2020. A can alƙalai ba sa ganin ana girki, ba su san wanda ya dafa ba, faranti kawai ake ajiye musu, kuma rabin makin ɗari na ɗanɗano ne. Daga 2020 zuwa 2025, zagaye shida a jere, mace ce ke lashewa, a sana'ar da manyan sunayenta a otal-otal yawanci maza ne. Kowa ya fassara wannan yadda ya ga dama, ni dai na fassara. A Koriya ta Kudu kuma, a gasar Culinary Class Wars ta Netflix ta 2024, akwai zagayen da aka ɗaure wa alƙalan biyu ido aka riƙa ba su a baki. Sai batun rubutacciyar ƙa'ida. Lokacin da Hilda Baci ta yi girkin awa 100 a Legas a watan Mayun 2023, hukumar Guinness ta amince da awa 93 da minti 11 ne kawai, saboda ta zarce da 'yan mintuna a wani hutu na farko-farko. 'Yan Najeriya sun yi gunaguni, amma bai yi nisa ba, domin dokar hutun tana nan a rubuce tun kafin ta kunna wuta.

Me ya kawo wannan duka shafin iyaye mata? Domin gasar ta iso ƙofar gidanmu. Makarantun 'yan mata da Islamiyyu yanzu suna shirya gasar girki a bikin ƙarshen zango ko walima. Na halarci wata a bara, ba sai na faɗi makarantar ba. Alƙalai uku suna zaune, kowace yarinya ta ɗauko farantinta da hannunta, ana kiran sunanta da na mahaifinta a lasifika. Wata yarinya ta kawo faten tsaki da yakuwa da gyaɗa, ƙamshinsa ya cika wurin, kaurinsa daidai. Wata ta kawo soyayyiyar shinkafa da kabeji an lafta masa bama. Ɗaya daga cikin alƙalan, kafin ma ta kai cokali baki, ta ce da mai faten, "Ke ba ki iya na zamani ba ne?" Aka yi dariya. Yarinyar ba ta yi kuka ba, amma na ga yadda ta jawo murfi ta rufe kwanon. Shekararta ba ta fi 14 ba. Kyautar ranar 'yan kwanuka ne da atamfa, ba su ne damuwata ba. Damuwata ita ce ta koma gida da tunanin cewa abincin da uwarta ta koya mata abin kunya ne, alhali faten nan, da ganyensa da gyaɗarsa, shi zan fi so a ba mai jego da yaron da aka yaye.

Don haka idan makarantar 'yarki ta aiko cewa za a yi gasa, ki je taron iyaye ki yi magana tun kafin ranar. A sa lamba a gindin kwano, wata daban ta kai wa alƙalai, kada a kira suna sai an gama tara maki. A rubuta abin da za a duba a manna a allo: ɗanɗano nawa, tsafta nawa, tattalin kayan miya nawa. A raba rukuni, na gargajiya daban, na zamani daban. A ajiye ruwa alƙalai su kurkure baki tsakanin kwano da kwano. Kuma a teburin alƙalan a zaunar da tsohuwa ɗaya daga cikin unguwa, irin wadda ake kira idan za a yi tuwon biki, wadda daga jin ƙarar muciya za ta gaya miki ko tuwon nan zai yi gudaji.

Mako mai zuwa in Allah ya kai mu za mu koma kan zazzaɓin yara da shigowar damina. Ku huta lafiya.