Dillalin gida da ƙarshen aure

A Faransa, tun dokar 13 ga watan Yuli 1965, mata da miji da suka yi aure ba tare da wata yarjejeniya a gaban noter ba, duk abin da suka saya bayan aure na su biyu ne. In aure ya mutu, sai a raba. Gida kuwa ba ya rabuwa da wuƙa, don haka akan saida shi a raba kuɗi. Wannan ne ya sa a can, da ma a Amurka, ake samun dillalan da sana'arsu ita ce saida gidajen ma'auratan da suka rabu.

A Damagaram babu dillalin da ya kafa allo da wannan suna. Amma daga Birni zuwa Zango, daga Sabon Gari zuwa Garin Malam, akwai waɗanda kunnensu ke fadar sarki da ƙofar gidan shari'a. Da sun ji an yi saki, kafin idda ta cika sun iso da mai saye. Faɗuwar wani, tashin wani.

Dokar Nijar daban take da ta Faransa. Tun dokar 16 ga Maris 1962, wadda aka sabunta a 2004 da 2018, maganar aure da saki da gado al'ada ce ke raba gardama, kuma alƙali na zama da mashawarta masana al'ada. A ƙasar Damagaram al'adar ta ginu bisa mazhabar Malikiyya: dukiyar miji tasa ce, ta mace tata ce, aure bai haɗa su ba. Kundin dokar iyali da ya tada ƙura a 1994 bai samu shiga ba, haka wanda aka sake kawowa a 2011. Saboda haka mace na fita da kayan ɗakinta da abin da ta iya tabbatar da cewa nata ne.

A nan gizo ke saƙa. A ɗauki misalin malamin makaranta da ya samu fili a sabon lotisma. Albashi bai isa gini ba. Uwargida ta kwashi kuɗin foyandi ta sayi siminti, ta saida awakinta aka yi rufi, ribar ƙuli-ƙuli ta jawo ruwan famfo. Takardar mallakar da ofishin magajin gari ya bayar kuwa sunan maigida kaɗai ta ɗauka. Bayan shekara 15 aure ya ƙare. Maigida na tsoron a kai shi ƙara, ko kuma yana gaggawar sabon aure. Dillali ya zo ya ce akwai wani Alhaji da kuɗi a hannu, amma gobe zai tashi Kano. Kafin mako ya zagayo gida ya tafi a farashin da bai kai ba. Dillali ya karɓi la'ada a hannun mai saye da mai saidawa. Uwargida ta koma gidan iyayenta da yara, simintinta ya zama labari.

Ba mace kaɗai ke asara ba. Mai saidawa ya kaɗar da gumin shekaru cikin fushin kwana uku, a garin da fili ke ƙara daraja tun da aka buɗe jami'a a 2010 da matatar man SORAZ a 2011. Mai saye ma bai tsira ba. In matar ta kawo shaidu, ko ƴan uwan mijin suka ce gidan na gado ne da ba a raba ba, kamar yadda da yawa daga tsofaffin gidajen Birni suke, to ya sayi rigima da kuɗinsa.

Dillanci sana'a ce mai asali. Ayarin da ke zuwa daga Tarabulus zamanin Sarki Tanimune bai yi ciniki ba sai da dillalai da fatomai, kuma jarinsu amana ne. Dillalin ƙwarai kan tambaya: matar ta gama idda, tunda shari'a ta ba ta wurin zama har ta gama? Ina yara za su kwana? Akwai mai haƙƙi a cikin ginin? Wanda bai yi waɗannan tambayoyi ba, gaggawar mutane yake ci.

Maganin ba mai tsada ba ne. Matar da ta zuba kuɗi a gini ta sa a rubuta, bashi ne ko tarayya, da shaidu biyu, tun ana dariya. In tarayya ce, sunaye biyu su hau takarda. Mai saye ya je ofishin magajin gari da na safiyo ya duba sunan da ke rubuce, ya nemi titir fonsiye, wanda aka sauƙaƙa samunsa tun 2006 da tsarin da ake kira Sheda, ya kuma biya a gaban noter. Mai saidawa ya bari zuciya ta huce, domin sauri kan haifi nawa.

Rubutu tsakanin mata da miji ba rashin yarda ba ne. Ranar da baki biyu suka saɓa, takarda ce ke tuna wanda ya sayi siminti. Allah ya kyauta.